Kujerar Jirgin Sama Ma Tana Da Kakarta

Daga Wakilinmu

A DUK lokacin da damina ta kankama, manoman Bacirawa da ƙauyukan da ke kewaye da ita a Ƙaramar Hukumar Ungogo sukan ɗaga kai daga bakin kunya su hangi jiragen sama suna tasowa daga filin jirgin saman Malam Aminu Kano, sun nufi ƙasashen waje. Tsakaninsu da filin tafiya ce ta ɗan lokaci a mota. Amma tsakanin ƙaramin manomi da kujerar jirgin akwai tazarar da ake aunawa da shanu, da buhunan hatsi, wani lokaci ma da gonar gado.

Wannan yanki na arewacin birnin Kano yana daga cikin wuraren da jama'a suka fi cunkushewa a karkarar ƙasar Hausa. Gonaki ƙanana ne, ba a barinsu su huta, kuma da takin gida ake raya su shekara da shekaru. Gero da dawa da wake da gyaɗa duk a fili guda ake haɗa su. Ga shi kuma birni yana ta matsowa yana cinye gonakin da gine-gine. Saboda haka duk magidancin da ya yanki wani sashe na gonarsa ya sayar don ya biya kuɗin jirgi, ya san abin da ya fita daga hannunsa da wuya ya dawo.

Duk da haka tafiya ba ta fasuwa. Akwai dattijon da ya ɗauki niyyar sauke farali, akwai uwar da 'ya'yanta suka yi alkawarin kai ta Umara, akwai ɗalibin da ya sami gurbin karatu a Masar ko Indiya ko Ingila, akwai ɗan kasuwa mai zuwa sarin kaya Dubai ko ƙasar Sin, akwai kuma marar lafiyar da likitoci suka ce sai an fitar da shi Alƙahira. Dukkansu tambayarsu ɗaya ce: ina za a sami tikiti mai rangwame?

Lokutan Tsada

Ga mai tashi daga Kano, lokuta uku ne kujera ta fi tsada. Na farko shi ne watan Azumi, musamman goman ƙarshe, sa'ad da Musulmin duniya suke tururuwa zuwa Makka da Madina. Na biyu shi ne lokacin aikin Hajji. Na uku kuwa shi ne daga watan Yuni zuwa farkon Satumba, watau lokacin zafi a Turai da Amurka da ƙasashen Larabawa, sa'ad da makarantu ke dogon hutu, iyalai suke fita yawon shaƙatawa, 'yan Nijeriya mazauna waje suke zuwa ganin gida, ɗalibai kuma suke haramar komawa karatu.

Wani zai ce ina ruwan mutumin Bacirawa da hutun Turawa? Dalili shi ne, yawancin jiragen da ke ɗaukar fasinja daga Kano sukan ya da zango ne a Alƙahira ko Adis Ababa ko Doha, inda ake sauya jirgi. A can ne ɗalibin da ya taso daga Kano yake haɗuwa da dubban matafiya daga wasu ƙasashe, kowa yana neman kujera a jirgi guda. In jirgin gaba ya cika, farashin tafiyar gaba ɗaya yakan tashi tun daga Kano.

Abin da ya ƙara tsananta al'amarin shi ne wannan lokaci ya yi daidai da tsakiyar damina, sa'ad da rumbu ya yi ƙasa, kuɗin hannu ya tafi ga takin zamani da 'yan ƙwadago, sabon gero kuma bai nuna ba. Watau lokacin da kujera ta fi tsada shi ne lokacin da aljihun manomi ya fi bushewa. A 'yan shekarun nan Hajji ma cikin damina ya yi ta faɗowa: an tsaya Arfa ranar 27 ga Yuni a 2023, ranar 15 ga Yuni a 2024, da ranar 5 ga Yuni a 2025. Da yake shekarar Musulunci tana gaza ta Turawa da kimanin kwana 11, Hajji da Azumi suna matsowa baya kowace shekara, amma hutun Turai yana nan daram inda yake.

Yadda Ake Yanke Farashi

Mutumin karkara ba ya bukatar dogon bayani kafin ya gane yadda kamfanonin jiragen sama suke yanke farashi, domin ya san kasuwar Dawanau. Bisa al'ada, da kaka hatsi yakan yi araha saboda kowa ya kawo, da marka kuma ya yi tsada saboda ya yi ƙaranci, alhali buhun bai sake ba. Mai dabara da kaka yake saye ya ajiye.

Haka kujerar jirgi take. Kamfani yakan kasa kujerun talakawa na jirgi guda kashi-kashi, kowane kashi da harafinsa da farashinsa da sharuɗɗansa. Kashin da ya fi araha kujeru kaɗan ake ware masa, kuma su ne suke fara ƙarewa. Da zarar sun ƙare sai na'ura mai ƙwaƙwalwa ta rufe wannan kashi ta buɗe na sama da shi. In ta lura masu nema sun yi yawa a wata rana, tana iya rufe kashin mai araha tun kafin a sayar da shi. Shi ya sa mutum biyu sukan zauna kafaɗa da kafaɗa, su ci abinci iri ɗaya, su sauka lokaci ɗaya, amma ɗaya ya biya ninkin abin da ɗan'uwansa ya biya.

Bayan ainihin kuɗin kujera akwai harajin gwamnati, da kuɗin amfani da filin jirgi, da ƙarin kuɗin mai, sa'an nan ladan dillali. Mafi yawan waɗannan da dalar Amurka ake lissafa su, sa'an nan a juya su zuwa Naira bisa canjin ranar da aka yanki tikiti.

Jiya Da Yau

Neman hanya mai sauƙi zuwa Gabas ya daɗe a Kano. Kafin zuwan jirgi, mahajjata da ƙafa da jakuna da raƙuma suke bi ta Barno da Cadi da Sudan har gaɓar Bahar Maliya, suna tsayawa a hanya su yi noma ko ƙwadago su tara guzuri. Tafiyar takan ci shekaru, kuma da yawansu a Sudan suka zauna, zuriyarsu tana can har yau.

Cikin Nuwamba 1925 ne jiragen sama uku na sojan Ingila da suka taso daga Masar suka sauka a Kano, kuma su ne jirage na farko da suka sauka a Nijeriya. A 1948 wasu attajiran Kano, cikinsu har da Alhaji Haruna Kassim da Alhaji Ibrahim Musa Gashash, suka kafa ƙungiyar jigilar mahajjata, wadda ta fara da manyan motoci kafin a koma shatar jirage. A 1958 aka kafa kamfanin jiragen sama na Nijeriya, a 1975 kuma Gwamnatin Tarayya ta kafa Hukumar Alhazai ta ƙasa ta karɓi ragamar aikin. Hukumar da ke riƙe da shi yanzu, watau NAHCON, da dokar 2006 aka kafa ta.

A wancan zamani Kano babbar mahaɗa ce ta jiragen da ke ratsa Sahara tsakanin Turai da kudancin Afirka, domin dole su sauka su sha mai. Da aka sami jirage masu dogon zango sai wannan matsayi ya fara ja da baya. Kamfanin jiragen sama na Nijeriya ya durƙushe a 2003, kamfanin KLM na ƙasar Holan kuma, wanda ya shafe fiye da shekara 60 yana sauka a Kano, ya janye a 2012. Daga baya an sami sababbin shiga, kamar Qatar Airways da ya fara zuwa Kano a 2022, da Air Peace da ya buɗe hanyar Jidda a 2023. Amma har yanzu yawan jiragen waje da ke tashi daga Legas da Abuja ya fi na Kano nesa ba kusa ba, kuma inda masu sayarwa suka yi kaɗan, mai saye ba ya samun bakin ciniki.

Dala Ita Ce Uwar Tafiya

Babu abin da ya girgiza matafiya a 'yan shekarun nan kamar faɗuwar darajar Naira. A farkon 2023 ana canjin dala ɗaya a hukumance kan kimanin N460. Bayan da gwamnati ta saki kasuwar canji cikin Yuni na wannan shekara, sai ga dala ta haura N1,500 cikin Fabrairu 2024.

Kuɗin kujerar Hajji ya nuna wannan a fili. A 2019 maniyyaci ya biya kimanin Naira miliyan ɗaya da rabi. A 2022 kuɗin ya kusa miliyan biyu da rabi, a 2023 ya kusa miliyan uku, a 2025 kuma maniyyatan yawancin jihohin Arewa suka biya fiye da Naira miliyan 8.4. Yaƙin da ya ɓarke a Sudan cikin Afrilu 2023 shi ma ya yi nasa ɓarin, domin rufe sararin samaniyar ƙasar ya tilasta wa jirage yin zagaye, har kamfanoni suka nemi ƙarin dala 250 a kan kowace kujerar mahajjaci a shekarar.

Abin da ya faru a 2024 ya isa darasi. Tun farko an yanke wa maniyyatan Arewa kimanin Naira miliyan 4.7. Cikin Maris, da Naira ta ƙara faɗuwa, Hukumar Alhazai ta nemi waɗanda suka riga suka biya su cika kimanin miliyan 1.9, jimla ta kama kimanin miliyan 6.6. Wanda bai biya ba sai a lokacin kuwa, fiye da miliyan 8.2 aka yanke masa. Gwamnatin Jihar Kano ta tallafa wa kowane maniyyacinta da ya riga ya yi rajista da N500,000. Tsakanin mai sammako da mai jinkiri an sami bambancin fiye da Naira miliyan ɗaya da rabi, a jirgi ɗaya da masauki ɗaya.

Su ma matafiya na yau da kullum sun ɗanɗana. Da kuɗaɗen kamfanonin jiragen waje suka maƙale a Nijeriya saboda ƙarancin dala, har suka kai kimanin dala miliyan 850 a tsakiyar 2023, kamfanonin sun rufe kujeru masu araha ga masu saye da Naira. Kamfanin Emirates ma ya dakatar da zuwa Nijeriya a ƙarshen 2022, bai dawo ba sai ranar 1 ga Oktoba 2024. Al'amura sun fara sassautawa bayan da Babban Bankin Nijeriya ya biya mafi yawan kuɗin a farkon 2024. Har wa yau, da Air Peace ya fara tashi daga Legas zuwa Landan ranar 30 ga Maris 2024 a kan Naira miliyan 1.2 zuwa da dawowa, nan da nan kamfanonin waje suka karya nasu farashin. Gasa ce ta yi wannan aiki, kuma ita ce filin jirgin Kano ya fi bukata.

Dabarun Da Suke Aiki

Babbar dabara ita ce sammako, domin da sanyin safiya ake kama fara. Wanda ya san zai yi tafiya cikin Yuli ko Agusta, ya kamata ya fara bibiyar farashi tun cikin rani, ya yanki tikitinsa wata biyu ko uku kafin ranar. Ga manomi wannan yana nufin a tsara tafiya tun da kaka, sa'ad da aka kai amfanin gona gida aka san abin da aka samu. Uban da ya jira sai ɗansa ya rage mako guda ya koma makaranta, shi ne yake sayar da sa a kan kuɗin da mai saye ya ga dama, ya kuma sayi kujera a kan kuɗin da kamfani ya ga dama.

Dabara ta biyu ita ce zaɓen wata. Hajji yana da ranakunsa da ba a sauyawa, amma Umara ana yin ta kusan duk shekara. Bayan mahajjata sun watse, cikin Muharram da Safar, kuɗin jirgi da na masauki sukan sauka ƙwarai, cunkoso ya ragu, abin da ya fi dacewa da tsofaffi da masu rauni. Wanda kuma ransa yake kan falalar Umarar Azumi, goman farko ta fi goman ƙarshe sauƙi. Ɗan kasuwa da marar lafiyar da ciwonsa ba na gaggawa ba ne, in suka jinkirta zuwa ƙarshen Satumba ko Oktoba, sukan tarar farashi ya sauko.

Ta uku ita ce sassauci a kan rana. Matsar da tafiya da kwana biyu ko uku, ko tashi a tsakiyar mako maimakon ƙarshensa, yakan buɗe kashin kujeru mai araha da aka rufe a wata ranar. Ya kamata matafiyi ya nemi dillali ya nuna masa farashin kwanaki da dama na kamfanoni da dama, kada ya tsaya a kan na farko da aka karanta masa. Yaran gida masu wayar hannu suna iya duba farashin a shafin kamfanin don a gwada da abin da dillali ya faɗa.

Ta huɗu ita ce lissafin tafiyar gaba ɗaya. Sau da yawa tikitin Abuja ko Legas yakan fi na Kano araha a takarda. Amma in aka haɗa kuɗin mota ko jirgin cikin gida, da kwana a masauki, da abinci, da haɗarin hanya, da dakon kaya, ribar takan narke. Haka kuma tikitin da ya ba da jaka ɗaya mai kilo 23 ba daidai yake da mai jaka biyu ba, musamman ga mai dawowa da tsaraba ko kayan sari. Jirgin da ke ya da zango na sa'o'i masu yawa yakan fi araha, sai dai a tambaya ko ana bukatar bizar wucewa, ko kuma kamfani yana ba da masauki.

Ta biyar ita ce karanta sharuɗɗa. Tikiti mafi araha galibi ba a mayar da kuɗinsa, sauya rana kuma sai da tara. Wanda bai hau sawun farko ba, akan soke masa sauran tafiyar har da dawowa. Saboda haka a tabbatar da biza da fasfo kafin a biya. Fasfo dole ya kasance da sauran aƙalla wata shida, kuma daga 1 ga Satumba 2025 kuɗinsa ya koma N100,000 ga mai shekara biyar, N200,000 ga mai shekara goma. Sunan da ke kan tikiti ya zama daidai da na fasfo harafi da harafi.

Ga mai niyyar Hajji akwai shirin Adashin Gata, wanda Hukumar Alhazai ta ƙaddamar tare da bankin Jaiz a Kano cikin Oktoba 2020, inda mutum yake zuba abin da ya sawwaƙa a hankali har kuɗinsa su cika. Shirin ba ya hana Naira faɗuwa, amma yana ba manomi damar ware wani abu kowace kaka maimakon ya sayar da kadara a rana guda.

Araha Ba Ta Ado

A lokacin cunkoso ne 'yan damfara suke cin kasuwarsu. Sukan shiga ƙauyuka ta hannun wanda aka sani, su ambaci farashin da ya gaza na kowa, su ce kujeru sun kusa ƙarewa, a kawo kuɗi yau. Wata dabararsu ita ce ba mutum takardar kama kujera ta wucin gadi, mai ɗauke da sunansa da ranar tafiya, ya ɗauka tikiti ne. Irin wannan takarda takan mutu da kanta bayan ɗan lokaci in ba a biya kamfani ba, mutum bai sani ba sai ya isa filin jirgi da kayansa da 'yan rakiya.

Gane gaskiya ba shi da wuya. Tikitin da aka biya yana da lamba mai alƙaluma 13, ban da lambar kama kujera mai haruffa da alƙaluma shida. Da waɗannan ana iya zuwa ofishin kamfanin jirgin ko a duba shafinsa a tabbatar. Dillalin Hajji da Umara dole ya kasance da lasisin Hukumar Alhazai, wadda takan fitar da sunayen kamfanonin da ta amince da su. A biya ta banki cikin asusun kamfani, a karɓi rasit, a kuma rubuta abin da aka yi alkawari: jirgi, masauki, da ranar dawowa.

Haɗari mafi girma yana ga biza. Cikin Nuwamba 2023 hukumomin Sa'udiyya sun hana 'yan Nijeriya 177 shiga ƙasar bayan jirginsu ya sauka a Jidda, suka ce bayanan da aka bayar wajen neman bizar ba su dace da irin bizar da aka ba su ba, aka juyo da su gida. A Hajjin 2024 kuwa mutane fiye da 1,300 suka rasu saboda tsananin zafi, kuma Sa'udiyya ta ce kashi 83 cikin ɗari nasu ba su da izinin aikin Hajji, don haka ba su sami tantuna masu sanyi da motocin da aka tanadar wa masu rajista ba. A 2025 ƙasar ta sanya tarar da ta kai Riyal 20,000 a kan mai yin Hajji ba izini, tare da kora da hana shiga na shekara goma. Duk wanda ya ce zai kai mutum Hajji da bizar ziyara a kan rabin kuɗi, to ransa da dukiyarsa yake jefawa cikin haɗari.

Abin Da Ya Rage

Akwai nauyin da ke kan hukuma. Ya kamata a jawo ƙarin kamfanoni zuwa filin jirgin Kano don a sami gasa, a riƙa sanar da kuɗin Hajji da wuri yadda zai dace da lokacin kaka, a kuma riƙa karanta sunayen dillalai masu lasisi a gidajen rediyo da Hausa. Dagatai da masu unguwanni da limaman Juma'a suna da rawar da za su taka, tun da yake ta hannun sanannu ne mai damfara yake shiga gari. Malamai kuma sun sha bayyana cewa Hajji yana wajaba ne a kan mai iko, kuma iko ya haɗa da barin abin da iyali za su ci.

Sauran aikin yana ga mai tafiya. Canjin dala da yaƙin Sudan da hutun Turai duk sun fi ƙarfin mutumin Bacirawa, amma ranar da zai fara shiri tana hannunsa. In geron bana ya shiga rumbu, lokacin ne ya kamata mai niyyar tafiya baɗi ya nemi fasfo, ya tambayi farashi, ya fara ajiya, don in Allah ya kai shi ya dawo da shi lafiya, ya tarar da gonarsa tana jiransa.